Buɗaɗɗiyar wasiƙa kan wutar daji: a yi shiri tun kafin hunturu ya sauka

Zuwa ga Kwamandan Hukumar Kashe Gobara ta Ƙasa a Yankin Ashanti, da shugabannin Hukumar Gandun Daji da na NADMO, hukumar kula da bala'o'i ta ƙasa, a yankin, da shugabannin majalisun gundumomi tun daga Offinso har zuwa Drobonso.

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, muna yi muku sannu da aiki. Mu da muka rubuto wannan takarda mazauna unguwannin zango ne na Kumasi, daga Aboabo, Asawase, Sabon Zango da Tafo. A cikinmu akwai manoman masara da doya masu gonaki a wajen Ejura da Mampong, akwai masu gonakin koko, akwai masu shanu da dillalan gawayi, akwai kuma waɗanda suka daɗe a aikin gandun daji da aikin sa-kai na kashe wuta. Gidajenmu na birni, amma abincinmu daga daji yake fitowa. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne lissafin lokacin da manomi da makiyayi da ita kanta hukuma suka saba bi wajen ƙunan daji ya daina aiki, domin yanayin da aka gina lissafin a kansa ya sauya. Muna roƙon a koma auna haɗarin wuta kullum, a kuma yi aikin kariya tun a watan Oktoba da Nuwamba, kafin hayaƙi ya tashi.

Masu kunna wutar ba baƙi ba ne. Mafarauci mai korar gafiya daga rami, mai cire zuma, mai tatsar bammi da ke gasa kan kwakwar manja, mai gawayin da ya buɗe tarinsa kafin ya huce, manomi mai share sabuwar gona, makiyayi mai neman sabon toho, direban da ya jefar da guntun sigari a bakin hanya, dukansu suna nan tun da daɗewa. Kusan duk wutar dajin da ke tashi a ƙasar nan hannun mutum ne ya kunna ta, tunda tsawa a wurinmu tare da ruwa take zuwa. Amma girman da wutar za ta yi, da saurinta, da ko mutum goma za su iya tare ta, wannan zafin rana da bushewar iska da tsawon rani ne ke yankewa, kuma duk ukun suna ƙaruwa.

Daga 1960 zuwa yanzu matsakaicin zafin Ghana ya ƙaru da kimanin digiri ɗaya a ma'aunin Salshiyos. Mai jin wannan zai ce ai ba wani abu ba ne. To amma duk digiri ɗaya da iska ta ƙara zafi, ruwan da take iya ɗauka na ƙaruwa da kusan kashi 7 cikin 100, kuma daga ciyawa da ganye da ƙasa take tsotso shi. Idan danshin iska bai sauya ba, rana mai digiri 35 tana busar da daji da ƙarfin da ya fi na rana mai digiri 30 da kusan kashi ɗaya cikin uku. Sannan kowane abin ci na wuta da lokacin bushewarsa. Busasshiyar ciyawa da ganye cikin kamar awa ɗaya suke daidaita da iskar da ke kaɗawa, shi ya sa ciyawar da ta ƙi kamawa da ƙarfe bakwai na safe take tashi fuu da ƙarfe ɗaya na rana. Ƙirare mai kaurin yatsa yana ɗaukar kamar awa goma. Reshe mai kaurin wuyan hannu kwana huɗu. Gungume mai kaurin cinya sai ya yi kusan kwana arba'in. Idan rani gajere ne, ciyawa ce kawai ke ci, wutar ta wuce da sauri ta bar manyan itatuwa. Idan aka ƙara wa rani mako uku ko huɗu, gungume da kututture su ma sun bushe har ciki, wutar ta samu wurin zama, ta daɗe tana dafa saiwar bishiyoyi, ta kuma kwana ta tashi washegari.

Batun kwanan wuta ya cancanci a tsaya a kansa. Da can dare abokin mai kashe wuta ne: sanyi ya sauka, raɓa ta jiƙa ciyawa, harshen wuta ya kwanta, da asuba mutane su ƙarasa ta da ɗanyen ganye. Yanzu dare na ƙara ɗumi, kuma a tsakiyar hunturu akwai dararen da raɓa ba ta sauka ko kaɗan. Wutar da ba ta kwanta da dare ba, da hantsi ta riga ta ninka faɗinta.

Dajin ciyawa da kurmi ba hali ɗaya suke nunawa ba, kuma gaskiya ta wajaba a nan. A dajin ciyawa, shekarar da damina ta yi albarka ita ce ta fi haɗari, saboda gamba da tofa sun yi tsawo sun cika. Hotunan tauraron ɗan'adam ma sun nuna faɗin ƙasar da ke ƙonewa a duniya ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu tsakanin 1998 da 2015, galibi saboda gonaki sun cinye dajin ciyawa. Shi kuwa kurmi kullum a cike yake da ganye da itace, laima ce kawai ke tsare shi, fari ne ke buɗe wa wuta ƙofarsa. Arewacin yankinmu, daga Offinso da Akumadan zuwa Ejura, Kumawu da filayen Afram, nan ne ciyawa da kurmi suka haɗu. Saboda haka haɗari biyu muke ɗauke da su: ruwa mai yawa a taƙaitaccen lokaci ya tsirar da ciyawa, dogon rani ya biyo baya ya busar da ita tare da kurmin da ke maƙwabtaka da ita.

Bishiyoyin dajin ciyawa kamar kaɗanya da ɗorawa suna da ɓawo mai kauri, sun saba da wuta. Na kurmi ɓawonsu siriri ne, haka ma koko. Wutar da ba ta kai gwiwa ba, mai tafiya a hankali cikin busasshen ganye, ta isa ta dafa gindinsu, bayan 'yan watanni su bushe a tsaye. Da sun mutu rufin kurmin ya buɗe, rana da iska su shiga, ciyawa da ganyen nan da ake kira Acheampong su mamaye wurin. Acheampong da rani kamar an zuba masa kananzir yake ci. Wuta ta biyu sai ta fi ta farko, ga matattun itatuwa a ƙasa, ga sabuwar ciyawa a sama. Wanda ya bi ta gefen gandun Afram Headwaters ko na Asubima ya ga wuraren da wannan zagaye ya mayar fili.

Dattawanmu ba su manta 1983 ba. Farin da ya zo tare da El Nino na 1982 zuwa 1983, wato ɗumamar ruwan tekun Pasifik da ke hargitsa yanayin damina a sassan duniya, ya busar da kurmi, wuta ta ci gonakin koko da rumbunan abinci, ga 'yan ƙasa kusan miliyan ɗaya da aka koro daga Najeriya sun dawo sun tarar da yunwa. Kokon da aka samu a kakar 1983 zuwa 1984 bai kai tan 160,000 ba. Wuta ta sake shiga kurmi a ranin 2015 zuwa 2016, shi ma lokacin El Nino. A 2024, shekarar da ta fi duk na gabanta zafi a duniya tun da aka fara aunawa, ruwa ya ɗauke a tsakiyar damina a arewaci da tsakiyar ƙasar nan har gwamnati ta hana fitar da hatsi a watan Agusta. Fari irin na 1983 zai iya dawowa, kuma idan ya dawo zai tarar da ƙasa ta fi zafi, kurmi ya fi tsagewa. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2022 ya yi hasashen manyan gobarar daji za su ƙaru da kashi 14 cikin 100 zuwa 2030, kashi 30 zuwa 2050, kashi 50 zuwa ƙarshen ƙarni. Kanada, da jiragen kashe wutarta da kuɗinta, ta yi asarar daji kimanin hekta miliyan 15 a 2023, alhali Ghana gaba ɗayanta ba ta cika hekta miliyan 24 ba. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ranku ya daɗe, doka muna da ita. Doka mai lamba 229 ta 1990 ta tanadi kwamitin yaƙi da wutar daji a kowace gunduma da rundunar 'yan sa-kai a garuruwa, akwai kuma manufar ƙasa kan wutar daji ta 2006. Abin da muke nema a ƙara shi ne ma'auni.

Kowace gunduma da ke wannan yanki tana buƙatar wurare uku ko huɗu da ake auna zafi, danshin iska, ƙarfin iska da ruwan sama kowace rana da misalin ƙarfe ɗaya. Na'urar auna zafi da danshi ta hannu da kwanon auna ruwa ba su da tsada, kuma malamin makaranta ko jami'in gona zai iya riƙe littafin. Ƙa'idar da masu kashe wuta ke amfani da ita a ƙasashe da dama mai sauƙin haddacewa ce: zafi ya haura digiri 30, danshi ya faɗi ƙasa da kashi 30, iska ta wuce kilomita 30 a awa. Ran da ukun suka haɗu, kayan hannu ba sa tare wuta. A wurinmu biyun farko suna haɗuwa a ranaku da yawa na Janairu da Fabrairu, don haka sai a haɗa da adadin kwanakin da aka yi rabon da ruwan kirki. Hukumar Hasashen Yanayi da masana na cibiyar binciken gandun daji ta FORIG a Fumesua da na jami'ar KNUST ta Kumasi za su iya daidaita alƙaluman da dajinmu. Daga nan a fitar da tuta uku. Kore: a ƙona bayan an sanar. Rawaya: sai da 'yan sa-kai a wurin, kuma da yamma. Ja: babu ƙuna, babu farauta da wuta, babu buɗe tarin gawayi. A kafa tutar a tasha, a kasuwa, a ƙofar masallaci da coci, a kuma faɗa a rediyo da Twi da Hausa da Fulatanci da Dagbanci kowace safiya. Da yawa daga cikin 'yan ƙwadagon da ke riƙe da adda da ashana a gonakin nan ba sa bin sanarwar Turanci, Hausa kuwa suna ji.

Wannan ma'auni shi zai warware tarkon da ya fi kama manoma yanzu, wato ruwan yaudara. Ruwan farko ya sauka a ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris, ƙasa ta yi ƙamshi, manomi ya ce damina ta kama, ya cinna wa shararsa wuta. Ruwan nan saman ganye kawai ya jiƙa. Bayan kwana biyu na rana ciyawa ta koma yadda take, gungume kuwa bai ma san an yi ruwa ba, sai kuma sama ta ɗauke mako biyu ko uku. Shawararmu kada a sauke jar tuta sai an samu ruwa biyu masu ƙarfi a kusa da juna, kowanne kamar milimita 20 ko fiye, kuma an tona ƙasa an ga laima ta kai zurfin tafin hannu.

Layin tare wuta aiki ne na Oktoba da Nuwamba, lokacin da ƙasa ke da taushi. Faɗinsa ya danganta da tsawon ciyawar da ke gefensa. A ninka tsawon sau biyu zuwa uku. Gonar da ke kewaye da gajeriyar ciyawa mita uku zuwa biyar sun ishe ta. Inda gamba ta fi mutum tsawo, ko a iyakar gandun daji, kada a gaza mita goma, musamman ta gabas da arewa inda iskar hunturu ke fitowa. Kurakuran da ke ɓata layi sanannu ne. Wani ya sare ciyawar ya bar ta a kwance a wurin, ya shimfiɗa wa wuta tabarma ke nan. Dole a kankare har ƙasa ta bayyana, a janye sharar zuwa cikin gona a tara nesa da layin. Wani ya fesa maganin ciyawa ya ɗauka ya gama, alhali busasshiyar ciyawa a tsaye ya bari tun kafin lokacinta. Wani ya share a Nuwamba bai sake leƙawa ba, ga shi tik da sauran itatuwa suna zubar da ganye a Disamba da Janairu, layin ya sake rufewa. A bi shi da manjagara duk mako biyu. A kuma sare duk matacciyar bishiyar da ke tsaye kusa da shi, domin ita ce ke kamawa har sama ta watsa tartsatsi zuwa ƙetare. Layin gona ɗaya ba ya tsare ƙauye. Sai an haɗa shi da hanya, rafi da gonakin rogo ya zama zobe. Inda aka dasa jerin itatuwan kasiya a iyakar gandun daji don inuwarsu ta kashe ciyawa, a cike gurbin waɗanda suka mutu.

A dajin ciyawa muna goyon bayan ƙunan wuri ƙarƙashin kulawa, daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba, lokacin da ciyawa ta fara rawaya amma gindinta na da ɗanye. Ana yin sa da la'asar sakaliya, iska ta kwanta, a fara daga ɓangaren da iska ke nufa domin wutar ta riƙa tafiya da baya tana fuskantar iskar. Ba a ƙone komai. Tsibi-tsibi ake yi, ta yadda wutar Fabrairu idan ta zo za ta riƙa cin karo da wuraren da babu abin ci. A kurmi da gonar koko kuwa babu ƙunan wuri, babu na latti. A nan ne ya kamata a zaunar da makiyaya da manoma da sarakunan ƙasa a shata inda za a ƙona da ranar da za a ƙona. Mun san raunin da rikicin manoma da makiyaya ya bari a wajen Agogo. Ɗora wa ƙabila ɗaya laifin kowace wuta yana hana a gano wanda ya kunna ta, yana kuma korar mutanen da suka fi kowa sanin inda hayaƙi ya fara tashi. Makiyayi ma asara yake yi da wutar latti, tunda abincin shanunsa na wata biyu take cinyewa a yini ɗaya.

'Yan sa-kai su ne ke isa wurin kafin motar hukuma ta baro gari, kuma galibin inda wutar take mota ba ta shiga. Rukuni na mutum goma zuwa sha biyu yana buƙatar mabugin wuta shida, wato faffaɗar roba a kan sanda mai tsawon mita ɗaya da rabi, da famfon feshi na goyo mai lita 16 guda uku wanda ba a taɓa zuba masa magani ba, da manjagara, adda, fartanya, usur, takalmi mai tauri, da tufafin auduga masu dogon hannu. Rigar leda irin ta 'yan ƙwallo narkewa take a jikin mutum. Aboboya ɗaya, wato babur mai ƙafa uku na dakon kaya, da tanki mai lita 500 za ta cika famfunan nan kusan sau talatin. Ruwan sha kuwa a lissafa kamar lita ɗaya ga kowane mutum a kowace awa ta aiki.

Horonsu ya fi kayan muhimmanci, kuma a riƙa sabunta shi kowace shekara. Harshen wuta idan ya wuce ƙirjin mutum, kamar mita ɗaya da 'yan kai, ba a tunkarar kansa da mabugi. A bi ta gefe da baya, ana tsaye a kan ƙasar da ta riga ta ƙone, ana matse shi har ya tsuke. Idan ya ninka haka, a ja da baya zuwa hanya ko layi, wanda ya ƙware ya tarbe ta da wata wutar. Wuta na ninka saurinta a duk hawan digiri goma, don haka a tsaunukan Mampong ba a tsayawa sama da ita, ba a kuma guje mata ta hanyar hawa. Kowane rukuni ya ajiye mutum ɗaya da usur wanda aikinsa kallon iska ne kawai, kuma kowa ya san ta inda zai fita tun kafin a fara. Bayan harshen ya mutu saura rabin aiki. A bi bakin ƙunar a shiga ciki kamar mita ashirin, a farfasa kututture, a tona rushi, a watsa busasshen kashin shanu da gungumen kwakwar manja da ke ci a ɓoye, a gwada toka da bayan hannu. A sake zagayawa da rana tsaka har kwana uku. Wuta da yawa da ake cewa an sake kunnawa da gangan tsohuwar ce ta farka. Muna kuma roƙon majalisun gundumomi su sa kuɗin wannan a kasafinsu, su yi wa 'yan sa-kai rajistar inshorar lafiya, su tanadi abin da za a yi wa wanda ya ƙone a bakin aiki.

Birni ma abin ya shafe shi. Ruwan famfon Kumasi daga madatsun ruwa na Barekese da Owabi yake zuwa, kuma gangaren da ya ƙone laka yake turawa cikin madatsa da ruwan farko. Turakun lantarki na katako suna ci. Hayaƙi yana haɗuwa da ƙurar hunturu ya sauka a ƙirjin yara da masu asma, farashin masara da doya kuma ya tashi a kasuwa.

Namu kason mun ɗauka. Za mu nemi iyayenmu sarakunan zango da limamanmu su ware huɗuba guda a watan Nuwamba kan wannan batu, tunda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kira wuta maƙiyiya ya kuma yi umarnin a kashe ta kafin a kwanta. Masu shanun cikinmu za su ja kunnen yaran da ke yi musu kiwo. Dillalan gawayi za su shardanta wa masu ƙona musu su share mita biyar a kewayen tari, su bar shi ya huce sarai kafin buɗewa, su kuma jiƙa ramin bayan kwashewa. Muna da matasa masu Hausa da Twi da za su fassara sanarwa su yaɗa ta a WhatsApp tare da lambobin gaggawa 112 da 192, muna da waɗanda ke shirye su shiga rundunar sa-kai a garuruwan da gonakinmu suke.

Muna roƙon a kira zama a Kumasi kafin ƙarshen Oktoba, da wakilan hukumominku, da na sarakunan ƙasa, manoma, makiyaya da masu gawayi, a tsayar da wuraren aunawa, da wanda zai ɗaga tuta a kowane gari, da ranakun horo. Za mu zo da sunayen garuruwan da wuta ta fi yawan tashi da hanyoyin da take bi, domin a fara layin tare wuta daga can.

Allah ya taimake ku, ya kiyaye ma'aikatanku.

Naku,
Wasu manoma, masu shanu, dillalan gawayi da 'yan sa-kai na kashe wuta daga unguwannin zango na Kumasi